Ranar Lahadi ina jagorantar waƙa, ranar Litinin ina ƙara kuɗi a rasit

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni saurayi ne ɗan shekara 31, ina zaune a Jos. An yi mini baftisma tun ina sakandare, yanzu kuma ni ne mataimakin shugaban mawaƙa a ikkilisiyarmu. Ina aiki a wani kamfanin gine-gine, ni ke sayo siminti da rodi da katako da kwanon rufi. Albashina naira dubu 95 ne, wani lokacin ma sai an shiga wani watan kafin a biya. Mahaifina ya rasu, ni ke riƙe da mahaifiyata a ƙauye da ƙanne biyu da ke makaranta.

Kusan shekara biyu ke nan da manajanmu ya nuna mini yadda ake yi: dila ya rubuta rasit sama da ainihin farashi, abin da ya hau mu raba uku. Da fari na ƙi, daga baya na karɓa. Da kuɗin na sayi fili, na biya sadakin wadda zan aura a watan Disamba, har na yi godiya a majami'a da ambulan mai nauyi aka yi ta tafa mini. Ita ba ta san komai ba.

Gaskiyar magana, Baba, ba talauci kaɗai ba ne. Ina son mota, ina son gidan kaina. Idan na buɗe Facebook na ga abokan karatuna sai zuciyata ta yi ta ƙuna. Addu'a ta zame mini nauyi, Littafi Mai Tsarki kuma sai ranar Lahadi nake ɗaukarsa. Sau uku ke nan ana jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ina sulalewa waje kamar ana kirana a waya, don ina tsoron in ci wa kaina hukunci. Ni munafuki ne? Anya ma na taɓa samun ceto? In bar mawaƙa, ko in bar aikin, ko in yi shiru tunda kowa haka yake yi?

Wani ɗan'uwa daga Jos

Ɗana, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da ka ce ba talauci kaɗai ba ne. Da ka so, da ka tsaya a kan ƙarancin albashi da mahaifiya da ƙanne, in tausaya maka in sallame ka da addu'a. Ba ka yi haka ba, sai ka faɗi abin da mutane suka fi ɓoyewa, wato kana son mota kuma kana jin zafin ganin ta wani. Ashe auna kan da kake gudu ka riga ka fara shi. Abin da ya rage shi ne ka kai shi har ƙarshe, domin wanda ya tsaya a jin kunya kawai wahala yake sha a banza.

Mu fara da tambayar da ta fi hana ka barci. Mutanen da Yesu ya kira munafukai a Matiyu sura 23 ba sa sulalewa daga wurin ibada. Su ne ma masu neman kujerar gaba, hankalinsu kwance, suna wanke bayan ƙwarya cikinta cike da ƙwace. Kai kuwa lamirinka yana cizonka har ka kasa miƙa hannu ga gurasa. Ba ni ne mai duba zukata ba, amma wanda bai damu da Allah ba ba ya zama ya rubuta irin wasiƙar da ka rubuta. Bulus da kansa, a Romawa sura 7, ya yi kukan cewa alherin da yake so ba shi yake yi ba, muguntar da ba ya so ita yake aikatawa. Wannan yaƙin ba baƙo ba ne a zuciyar mai bi. Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Rayuwa biyu kake yi yanzu, kuma lamiri ba ya cizo har abada. Idan aka yi ta danne shi wata rana zai yi shiru, ranar nan za ka ci jibi ka ɗauki waƙa ka karɓi kasonka duk cikin mako ɗaya ba tare da ka ji komai ba. Wannan ranar nake ji maka tsoro, ba wadda kake ciki ba.

Sunan abin kuma mu faɗe shi yadda yake. A kasuwa ana ce masa na goro, ko ihsani, ko "abin da ya hau". Sata ce da cin amana, domin mai kamfanin ya ba ka kuɗinsa bisa yardar cewa za ka sayo masa kaya a kan farashinsu na gaskiya. Maganar kowa yana yi ba sabuwa ba ce. A zamanin Yahaya Mai Baftisma kowa ya san masu karɓar haraji suna ƙari a kan abin da aka yanka, sojoji kuma suna ƙwace. Da suka zo wurinsa a Luka 3:12-14 suna tambayar me za su yi, ya ce wa masu harajin kada su karɓi fiye da abin da aka umarce su, ya ce wa sojojin su daina zalunci su dangana da albashinsu. Ka lura bai ce wa ko ɗayansu ya ajiye aiki ba. Wannan ya amsa maka rabin tambayarka ta ƙarshe.

Ban raina matsin da kake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu a wurare da yawa. Kai da ke sayen siminti ka fi ni sanin yadda farashin buhu ya ninka. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kai kuma da miliyoyi ke ratsa hannunka kaɗan ka ɗara shi, ga baki uku a wuyanka. Mai kamfaninku ma yana da nasa alhakin. Firistoci 19:13 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Wanda ya ɗora wa yaro amanar dukiya mai yawa sannan ya riƙa jan albashinsa ya buɗe wa jaraba ƙofa. Amma laifinsa nasa ne, shi zai amsa. Maganin ƙarancin albashi shi ne ka tsaya gabansa ka nemi ƙari, ba ka yanka wa kanka ƙarin a ɓoye ba.

Son mota da son gida ba zunubi ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, Yusufu mutumin Arimatiya da ya ba da kabarinsa attajiri ne. Abin da 1 Timoti 6:10 ya kira tushen mugunta shi ne ƙaunar kuɗi, aya ta 9 kuma ta yi magana a kan masu ɗokin yin arziki da ke faɗawa cikin tarko. Saurayi mai shirin aure da ke son rufin kansa bai yi laifi ba. Inda abin ya karkace shi ne lokacin da son ya yi ƙarfin da ya fara ba ka umarni, kai kuma ka bi, ko da umarnin ya saɓa wa na Ubangiji.

Akwai wani da nake so ka zauna da shi a wannan makon, domin abokin aikinka ne. Asaf shugaban mawaƙa ne a zamanin sarki Dawuda, 1 Tarihi 16:5 ya faɗi haka, kuma Zabura 73 da sunansa take. Karanta ta a hankali, za ka ɗauka daga Jos aka rubuto ta. Ya ce saura ƙiris ƙafafunsa su zame, domin ya yi kishin masu girman kai da ya ga mugaye suna cikin wadata. Ya kwatanta su dalla-dalla: jikinsu lafiya lau, ba sa shan wahalar da sauran mutane ke sha, dukiyarsu kullum ƙaruwa take. Har ya kai ga cewa a banza ya tsarkake zuciyarsa, a banza ya wanke hannuwansa. Mutumin da ke tsayawa gaban jama'a yana ɗaukar waƙar yabo ne yake wannan tunanin, kuma bai iya faɗa wa kowa ba, don ya ce da ya furta da ya ci amanar 'ya'yan Allah. Ka ga nauyin da kake ɗauke da shi wani ya riga ka ɗauka, Allah kuma bai share labarinsa ba, sai ma ya sa aka ajiye shi cikin waƙoƙin sujada. Amma duba aya ta 17, inda labarin ya juya. Asaf ya ce abin ya gagare shi fahimta sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah. A can ya ga ƙarshen waɗanda yake kishi, a can kuma ya ga kansa, har ya amsa cewa lokacin da zuciyarsa ke ɗaci ya zama kamar dabba a gaban Allah. Ba a ba shi karusa ko gona a ƙarshen zaburar ba. Abin da ya fito da shi shi ne sanin cewa Allah yana riƙe da hannunsa na dama tun lokacin da yake zamewar. Shi da abin ya dame shi ciki ya shiga, kai kuma waje kake fita.

Wannan ya kawo mu maganar jibi. Ayar da ke korarka ita ce 1 Korintiyawa 11:28-29, amma rabinta kake karantawa. Bulus ya ce mutum ya auna kansa, sannan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Aunawar hanya ce ta zuwa teburin. A Korinti matsalar ita ce masu hali suna riga cin nasu har wani ya bugu, matalauta kuma suna zaune da yunwa, ba wanda ya damu. Waɗanda ba su damu ba ake yi wa gargaɗin. Ka yi daidai da ka ƙi ci alhali kana da niyyar komawa wurin dila ranar Litinin, amma ka yi kuskure da ka mai da fita waje mafita. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa ya ajiye baikonsa ya je su shirya, sannan ya dawo ya miƙa. Akwai tafiya, akwai kuma dawowa. Ba sai ka biya kobon ƙarshe za ka koma teburin ba. Ranar da ka tuba da gaske, ka daina, ka kama hanyar gyara, gurasar nan taka ce, domin don masu zunubi aka karya ta.

To, yaya ake aunawar? Yawancinmu mun ɗauka zama ne a yi ta jin baƙin ciki ana cewa ni mai zunubi ne. Wannan ba ya kai mutum ko'ina, don kowa ma mai zunubi ne. Kai ma'aikacin sayayya ne, ka san yadda ake ƙirga kayan sito: ba a leƙawa a ce kaya sun ragu, ana ɗaukar littafi ne a bi buhu-buhu. Haka nake so ka yi. Ka ware yammaci guda, ka kashe waya, ka yi addu'ar da ke Zabura 139:23-24, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinsa. Ka fara da wannan addu'ar domin idan kai kaɗai ka duba kanka, ko dai ka wanke kanka tas ko ka yanke wa kanka hukuncin da Allah bai yanke ba. Sannan ka ɗauki biro. Nawa ne jimillar abin da ya shigo hannunka ta wannan hanya? Nawa ya tafi asibitin Mama da kuɗin makarantar ƙanne, nawa ya tafi fili da sutura da sabuwar waya da ambulan ɗin da aka tafa maka? Ina kyautata zaton lissafin zai ba ka mamaki, ka ga buƙata ta ci kaɗan, neman a gan ka ya ci mai yawa. Ka tambayi kanka hoton wa ne ya fi ƙona maka rai, kuma me ya sa shi musamman. Ka tambayi kanka me kake tsoro idan ka kai shekara 35 ba mota: wahalar hawa keke napep ce, ko abin da dangin amarya za su ce? Abin da ka samu ka faɗa wa Allah shi da sunansa da adadinsa. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 yana nan, idan mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta ya kuma tsarkake. Idan ka gama ka rufe littafin ka kwanta. Kada ka mai da tonon zuciya sana'ar kullum. Minti goma kowane dare ya isa, a duba inda aka zame da inda aka ga alherin Allah a yinin. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilika suna da kwana 40 kafin Ista da suka keɓe don irin wannan, Katolika kuma suna zuwa wurin Fada su furta. Mu da ba mu saba da haka ba sai mu yi hankali kada rashin tsari ya zama rashin yi gaba ɗaya.

Bayan lissafi sai tsayawa, kuma wannan ba ya jiran komai. Sayayya ta gaba ka ce wa dila ya rubuta abin da ka biya. Manaja kuwa ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka ce masa: "Oga, ni dai na fita daga wannan, raina bai kwanta da shi ba." Kada ka yi masa wa'azi, kada ka yi masa barazana, kai ma jiya kuna tare. Ka sa rai ba zai ji daɗi ba, domin wanda ya fita daga rabo ya zama abin tsoro ga waɗanda suka rage. Yana iya fara neman laifinka ko ya yi ƙoƙarin ɗora maka komai. Saboda haka daga yau ka riƙa ajiye kwafin kowane rasit da ya bi ta hannunka, ka kuma fara neman wani aikin a natse. Ban ba ka shawarar ajiye aiki da gaggawa ba, akwai masu ci daga hannunka. Idan akwai halin a mai da kai wani sashe da ba ya taɓa kuɗi, ka nema. Idan kuma ta bayyana cewa ba za a bar ka ka yi aiki da gaskiya a wurin ba, to ka tafi da ƙafarka bayan ka sami inda za ka dafa.

Abu ɗaya ne zai sa in canza maganar bi a hankali. Idan ba a farashi kaɗai ake ƙari ba, har ana rage yawan siminti ko ana sauya kaurin rodi a rubuta wani, to maganar ta tashi daga dukiya ta koma rayuka. Mutanen Jos ba su manta da ginin makarantar da ya rufta a Busa Buji a Yulin 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Idan ka san an yi irin wannan ragin a wani gini, mai kamfanin da injiniyan aikin su ji a wannan makon, ko me zai biyo baya.

Kada ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna laifofinmu mu yi wa juna addu'a don a warkar da mu. Ka zaɓi mutum ɗaya, fasto ko wani dattijon ikkilisiya da aka san shi da riƙon sirri, ka nuna masa lissafin nan. Ba abokinka na mawaƙa ba, ba zauren WhatsApp ba. Na san abin da ke ranka, tsoron horo da zaman bencin baya. A ikkilisiyoyinmu, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, tsari ya bambanta, amma makiyayi mai hikima ya san bambancin wanda aka kama da wanda ya kawo kansa. Game da mawaƙa, ra'ayina shi ne kada ka ɓace, kada kuma ka ci gaba da jagoranci kamar ba abin da ya faru. Ka roƙi fasto ya ba ka hutun 'yan watanni daga tsayawa a gaba, ka ci gaba da zuwa sujada da binciken Littafi Mai Tsarki kana zaune cikin jama'a. Idan dattawa suka ga dacewar wani abu fiye da haka, ka karɓa da tawali'u.

Mayar da kuɗin shi ne wuri mai wuya, kuma ba zan tsallake shi don in faranta maka ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa a Luka sura 19, da bakinsa ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Shari'ar Musa a Firistoci 6:1-5 ta ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar da ainihin abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ban ce ka ninka huɗu ba. Kasonka dai, wanda ya shiga aljihunka, bashi ne a wuyanka, har da wanda ka sa a ambulan ɗin godiya, domin kyauta da kuɗin wani ba ta sauke bashin. Kai wa marayu ko zuba shi a ginin majami'a ma ba zai wadatar ba tunda mai kuɗin yana raye kuma ka san ƙofarsa. Filin nan, ɗana, ina ganin sai ka sayar. Na san da ciwo. Amma ka yi tunanin gidan da za ka gina a kansa, ka shigar da matarka, ka haifi 'ya'ya, kullum kana sane da inda kuɗin ƙasar ya fito. Idan kuɗin filin bai kai ba, ragowar a biya kaɗan-kaɗan.

Sai dai a yi da hankali. Dokar laifuka da ake aiki da ita a jihohin Arewa tana hukunta cin amanar ma'aikaci ga maigidansa, don haka kafin ka buɗe baki a ofis ka ga lauya, ko da cikin 'yan ikkilisiyarku ne. Hanyar da na fi so ita ce ka je wurin mai kamfanin tare da fasto ko dattijon da yake jin nauyinsa, da kuɗi a hannu ko da rabi ne, a rubuta yarjejeniyar biyan sauran. Mutane da yawa sukan sauko idan suka ga wanda ba a kama ba ya zo da kansa, amma ba zan yi maka alkawarin haka zai yi ba, yana iya sallamarka. Idan masu ba ka shawara suka ga mutumin mai zafin kai ne da zai iya sa a ɗaure ka, ana iya mayar masa da kuɗin ta hannun amintacce ba tare da an ambaci sunanka ba tukuna. Wannan bai kai na farkon ba, amma ya fi riƙewa nesa. Manaja kuma ka sanar da shi tun da wuri cewa za ka gyara naka, don shi ma ya sami damar gyara nasa. Ba aikinka ba ne ka bi gari kana tona shi, amma idan aka tambaye ka kada ka yi ƙarya don rufa masa. Ka kuma tuna rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Abin da mutum uku suka sani, wata rana mai binciken kuɗi zai sani, kuma gara ka riga shi.

Ka riƙe wannan kuma: mayar da kuɗi ba shi ke sayen gafara ba. Yahuza Iskariyoti ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, har ya ce ya yi zunubi, amma ya tafi shi kaɗai ya hallaka kansa. Bitrus da ya yi musun Ubangiji a daren da aka kama Yesu ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna cikin 'yan'uwa har Yesu ya same shi a bakin teku ya sake ba shi aiki. Bulus ya bambanta irin waɗannan baƙin ciki biyu a 2 Korintiyawa 7:10, ɗaya mai kai wa ga tuba, ɗaya mai kai wa ga mutuwa. Gafara kyauta ce ta wurin gicciye. Biyan bashin kuwa abin da wanda aka gafarta wa yake yi ne.

Wadda za ka aura tana da haƙƙin ta sani kafin Disamba, ba bayan an shafa ba. Tana shirin rayuwa ne da mai fili da rufin asiri, alhali mai bashi za ta aura. Ka gaya mata da bakinka bayan ka gana da fasto, kada ka ce don ita ka yi, domin wannan ɗora mata laifi ne. Tana iya yin fushi, tana iya neman lokaci, ka ba ta. Idan ta tsaya, ku zauna ku rage bikin. Ɗaurin aure a majami'a da abinci daidai ƙarfi aure ne cikakke, anko kala uku da hayar babban zaure ba sa cikin alkawarin da za ku ɗauka. Idan ɗagawa zuwa bayan Ista ce za ta ba ku numfashi, ku ɗaga. Iyayenta ba lallai su ji komai dalla-dalla ba, ku biyu da fasto ku yanke abin da za a faɗa musu.

Mama kuwa ka gaya mata hannunka zai yi ƙunci na wani lokaci. Nauyinta da na ƙannenka yana nan a kanka, 1 Timoti 5:8 bai sassauta ba, amma na tabbata da za a tambaye ta, ba za ta zaɓi tuwon da zai kai ɗanta gidan yari ba. Kana da jari da ba ka lissafa ba, wato sanin kasuwar kayan gini. Masu gina gidajen kansu da yawa suna neman wanda zai sayo musu kaya da gaskiya su biya shi lada a fili. Wannan halal ne muddin ba a lokacin aikin kamfani ba ne kuma maigidanka ya sani. Afisawa 4:28 ya ce mai sata ya daina, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukata.

Facebook kuma ka cire shi daga wayarka na wata guda. Wanda ya sa hoton mota ba ya sa hoton takardar bashinta. A madadinsa ka riƙa karanta sura ɗaya ta Luka kowace safiya, ko ka ji daɗinta ko ba ka ji ba, ka kuma ari addu'ar Agur da ke Karin Magana 30:8-9, wanda ya roƙi kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya manta da Allah ko ya talauce ya yi sata. Nauyin addu'ar da kake ji ba abin mamaki ba ne, Dawuda ma a Zabura 32 ya ce lokacin da ya yi shiru da zunubinsa ƙasusuwansa sun lalace. Sau da yawa bakin yakan buɗe bayan an sauke abin da ake ɓoyewa, ko da yake ba lallai a rana ɗaya ba.

Kwaɗayin zai dawo, musamman ƙarshen watan farko da za ka ga albashi tsura, ko ranar da manaja zai shigo da sabuwar mota. A irin wannan ranar ka kira dattijon nan kafin ka kira dila. Akwai masu wa'azin da za su ce maka idan ka mayar da miliyan ɗaya Allah zai ba ka goma kafin shekara ta ƙare. Ni ba ni da wannan alkawarin a hannuna, kuma mai yiwuwa ne ka yi shekaru kana hawa keke napep kana biyan haya. Idan lauya ko fasto suka ba ka shawarar da ta saɓa da tawa a kan yadda za a tunkari mai kamfanin, ka bi tasu, su ne ke ganin takardun da mutanen. Amma rasit na gaba da za a rubuta maka, kada ka jira ganawa da kowa kafin ka sa a rubuta gaskiyar farashi a kansa.